Sheburin Baba a Guangzhou

Duk kayan da na sani, daga Guangzhou suke tafiya Kano. Abaya, takalma, kayan yara, fitilu masu caji, har tsintsiyar roba, maigidana ne yake ɗaure su a wani sito kusa da filin jirgin Baiyun ya tura gida, kuma aikinsa ke nan tun kafin ya ɗauko ni daga Fagge. Abu ɗaya tak na taɓa gani ya yi tafiyar a juye, daga Kano zuwa ƙasar Sin, shi ne sheburin mahaifina.

Baba ɗan wuta ne a reluwe, tun zamanin da jirgin ƙasa yake cin kwal. Aikinsa ya tsaya a kan jirgi tsakanin tulin kwal da bakin tukunya, yana ɗiba yana watsawa, direba yana gefe yana hura hanci. Da sauran ƙuruciyarsa aka kawo jirage masu shan dizal, aka mai da shi ofishin kaya, ya yi ta buga hatimi har ya yi ritaya. Amma in ka tambaye shi aikin da ya yi a duniya, ba za ka taɓa jin zancen hatimi ba. Mu 'ya'yansa mun tashi mun san kowane hawa da gangara tsakanin Kano da Kafanchan, alhali ko Zariya ba mu taɓa wucewa ba. Mun san ɗan wuta ido ɗaya yana kan wuta, ɗayan yana kan wata 'yar siririyar kwalba da take nuna iyakar ruwan tukunya, don in ruwan ya yi ƙasa ba ka gani ba, tukunya ta tashi da kai da direba. Wannan karatun mun sha shi har ya ginshe mu.

Ranar da aka kashe wutar jirginsu ta ƙarshe, direbansa ya ce ya tafi da sheburin. Ya rataye shi a bayan ƙofar ɗakinsa, duk Juma'a ya sauke ya goge da mai. Marigayiya Inna ta taɓa kuskuren yashe kwata da shi wata damina. Sai da ƙanin kakanmu ya zo ya shiga tsakani.

Da tsufa ya kama, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya ruf, ɗayan ma sai dishi-dishi. Likitoci a Kano suka ce aikin ba wuya, amma in aka ci gaba da jan ƙafa abin zai wuce gyara. Baba ya ce shi ba wanda zai sa masa wuƙa a ido yana numfashi. Yayyena suka yi lallashi, suka yi fushi, suka turo masa liman, duk a banza. Maigidana ya ce a kawo shi nan wurinmu a yi masa. Baba ya ce me zai zo yi ƙasar da ake cin shinkafa da tsinke.

Ana nan sai wani a majalisarsu ya kara masa waya a kunne. Bidiyo ne na jirgin kwal a wani wuri a ƙasar Sin, yana jan 'yan yawon buɗe ido a cikin duwatsu. Baba bai ga komai ba, amma ya ji kukan jirgin, ya ji numfashinsa. A ranar ya sa aka kira mu a waya, kuma ba ni ya nema ba, surukinsa ya nema.

Sai na gaya muku wane ne maigidana. A kasuwar Canaan mutum ne da in ya buɗe murya, laban, wato mai shago, yake ajiye kofin shayinsa ya miƙe tsaye. Amma in aka ce Baba ne, ko a waya, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ina daga kicin na hango shi tsugune a tsakar falo, ya riƙe waya hannu biyu.

"Wai da gaske ne a garinku har yanzu akwai jirgin kwal?" in ji Baba. Muryarsa har inda nake.

"Akwai, Baba."

"Mai wuta? Mai tururi?"

"Sosai ma, Baba."

"Da nisa da gidanku?"

"A'a, nan ne bayanmu kaɗan, Baba."

Da ya ajiye wayar na fito da ludayi a hannu na ce, "Alhaji, a ina ka ga jirgin kwal a garin nan?"

"Ni ma ban sani ba."

"To me ya kai ka cewa akwai?"

Ya dube ni kamar ni ce na yi abin mamaki. "Haba, yanzu ni zan buɗe baki in ce wa Baba babu?"

Mutanen garin nan kafin ka gama tambaya sun ce maka meyo, wato babu, ko a jikinsu. Maigidana ya shekara da shekaru a cikinsu, ya koyi cin abincinsu, ya koyi ihunsu, amma meyo guda ɗaya ta surukinsa ta gagare shi.

Washegari Baba ya aiko da sharaɗinsa. Zai zo. Amma jirgi tukuna, sannan likita. "In na shaƙi kwal sau ɗaya," ya ce mini, "ku kai ni su ƙwaƙule idon ma in sun ga dama. In kuwa babu, Uwata, yadda na zo haka zan koma." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Na kuma san shi, in ya faɗi magana ba ya lashe ta.

Maigidana ya shiga nema kamar wanda ya ɓatar da kwantena. Ya tambayi Canaan kaf, ya gangara Shisanhang ya tambayi masu sayar da riguna, duk meyo. A masallacin Juma'a ya tare wani ɗalibi ɗan Damagaram, ya duba masa a waya ya ce na bidiyon yana wata jiha mai nisa, sai an hau jirgin sama an kuma bi mota cikin duwatsu, ga shi ba kullum yake tashi ba. Gwiwoyin Baba ba za su kai can ba, ranar likita kuma an riga an tsayar. Ga kuma mutumin da ya ce "nan ne bayanmu kaɗan".

A ƙarshe wata laban mai kayan jarirai ta ce ta taɓa kai jikarta wani wurin shaƙatawa gaba da Huadu, akwai jirgi mai hayaƙi. Ya tafi da murnarsa. Ya dawo da yamma ya zauna bai ko cire hula ba.

"Akwai shi?" na tambaya.

"Akwai. Baƙi ne wuluk, ƙafafunsa ja. Yana kuka, yana hayaƙi."

"To alhamdu lillahi."

"Na lantarki ne."

"Hayaƙin fa?"

"Kin san na'urar nan ta gidan biki, wadda ake kunnawa in amarya za ta shigo?"

Na yi faɗa a ranar, ba ƙarami ba. Na tuna masa duk akwai ɗin da ya taɓa yi wa dangina tun aurenmu. Da na gaji na zauna, sai muka dubi juna. Baba ba ya gani sai inuwa. Jirgi yana kuka, yana motsi, yana hayaƙi. Abin da ya rage kawai kowa ya kama bakinsa. Ni idon ubana nake so, ko da na'urar amarya za a same shi.

Sheburin ya riga Baba isowa. Bai gaya wa kowa ba, ya sa aka naɗe shi a buhu aka kai wa masu kago, masu tura kaya ta jirgin sama, a Kano. Ma'aikatan siton maigidana suka kwance, suka kewaye shi suna dariya har da riƙe ciki. Ƙasar da take ƙera wa duniya shebur, ga wani tsoho an biya masa jirgin sama ya zo.

Shi kuma Baba da ya sauka muka sa shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa don ya fara ɗanɗanawa. Ya zauna ya dogara sandarsa, ya saurara har tasha ta wuce, wata ta wuce. "Yaushe za mu tashi?" ya ce. Na ce ai tuni muna tafiya. Ya ce wannan ba jirgi ba ne, ɗaki ne ake ja.

Ranar zuwa wurin shaƙatawar ya tashe ni da aike. Wai in je wurin mahautan Musulmin ƙasar nan masu sa farar hula in sayo naman rago, a yanka shi fale-fale. Ya zaro ƙullin yaji daga aljihun rigarsa, tun daga Kano ya taho da shi. Sai a lokacin na gane dalilin sheburin. A zamaninsu ɗan wuta ba ya ɗaukar abinci daga gida. In jirgi ya tsaya shan ruwa, sai ya goge shebur tas, ya ɗiga mai, ya jera nama, ya zura a bakin tukunya. Kafin ka yi salati ya gasu. Yankan farko na direba ne, kuma a wurin Baba duk direban da bai ci naman sheburinka ba, ba ku fara aiki tare ba tukuna.

Na dubi maigidana. Ya dubi silin.

Wurin cike yake da iyalai, da 'yan mata sanye da kayan zamanin kakanninsu suna ɗaukar hoto. A can gefe kan wani benci akwai wasu tsofaffi da manyan kyamarori a wuya, su kaɗai ne ba sa ɗaukar komai. Sai ga jirgin ya ɓullo daga bayan itatuwa. Gaskiya kyakkyawa ne. Ya saki kuka mai tsawo, farin hayaƙi ya turnuƙe sama. Baba ya karkata kai, ya buɗe hanci ya ja iska.

"Uwata, wa yake fesa turare?"

Hayaƙin ƙanshin alewa yake yi. Kafin in haɗa wata magana maigidana ya riga ni. "Kwal ɗin ƙasar nan haka yake, Baba."

"Ikon Allah. Kuma ga shi a gabana ban ji zafi ba."

"Sun sa masa na'urar sanyi, Baba."

Na taka masa ƙafa, amma aikin gama ya gama. Baba ya ce a kai shi wurin direba.

Dama ana barin mutane su hau kan jirgin ɗaya bayan ɗaya su yi hoto. Direban wani siririn tsoho ne da hular kaki da jan ƙyalle a wuya, da ɗan baƙin tabo a kumatu wanda ya fi ƙarfin a ce tsautsayi ne ya zana shi. Ya ga dattijo da babbar riga, ya miƙo hannu ya taimaka masa ya hau, ya gyara tsayuwa yana murmushin hoto. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya kwance buhu, ya fito da shebur, ya goge da gefen hannun riga, ya ɗiga mai, ya jera nama, ya barbaɗa yaji. Mutanen layi suka ɗaga wayoyi, sun zaci yana cikin shirin wurin. Ya lalubo murfin tukunya ya buɗe, ya yi bisimilla ya zura.

Daga inda nake tsaye ina hango cikin. Jajayen fitilu ne suna ƙyafta, da wani jan ƙyalle da 'yar fanka take kaɗawa. A gefe ga kular abincin direba da lemarsa.

Baba ya jira. Ya ƙara jira, kunnensa yana neman ƙarar mai. Sai ya janye sheburin a hankali, ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa har gwiwa. Na ga yatsunsa sun taɓa kular, sun shafa ta, sun koma kan lemar. Da na waiwaya, maigidana ya riga ya durƙusa a kan siminti, takalmansa a gefe.

Da Baba ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ya sauko, ya zauna a benci da sheburin a cinya, ɗanyen naman yana kai. Can ya ce, "Uwata, a nema mini jirgin komawa gida." Na ga ubana zai koma Fagge ya zauna a zaure ya ƙarasa makancewa, kuma mu muka jawo. Na zauna kusa da shi ina share hawaye da gefen mayafi.

Sai ga direban nan ya sauko, ya bar layin masu hoto suna ƙorafi. Ya tsaya gaban Baba yana kallon sheburin. Ya miƙa hannu ya ɗauka, Baba ya ƙi saki, sai ya ɗan bubbuga masa hannu har ya sakar masa. Ya juye naman a leda, ya shafa bakin sheburin inda ya cinye ta gefe ɗaya, ya gwada nauyinsa. Sannan ya ware ƙafafu, ya sunkuya, ya yi kamar ya ɗebi wani abu, ya juya ƙugu ya watsa, da wata 'yar murɗawa a wuyan hannu a ƙarshe. Wannan murɗawar na san ta. Tun ina yarinya Baba yake yi mana ita a tsakar gida da muciyar Inna.

Tsohon ya kamo hannun Baba ya ɗora a kan nasa dantsen. Tabon ƙuna ne jere, tsofaffi. Baba ya shafa, ya shafa, sannan ya janye hannun rigarsa ya miƙa nasa.

Nan tsohon ya ɓalle da magana. Sinancin maigidana na kasuwa ne, in an wuce launi da girma da yaushe kaya za su iso, ya ƙare. Dole ya taso daga durƙusonsa ya kunna wayar da take fassara. Ashe tsohon shi ma ɗan wuta ne a da, har ya kai direba, a kan jiragen gaske. Da ya yi ritaya wurin nan suka ɗauke shi saboda fuskarsa ta dace da hoto. Aikinsa danna maɓalli biyu, na tafiya da na hayaƙi. Baƙin kumatun kuwa da jagirar matarsa yake zanawa kullum da safe. Ya ce mu zo gobe wani wuri da yake haɗuwa da abokansa, ya nuna tsofaffin benci masu kyamara.

"Tambaye shi," Baba ya ce mini, don ya daina yi wa surukinsa magana, "shi ma na gidan biki ne?"

Tsohon bai jira fassara ba. Ya zaro hankici daga aljihu, ya kwance, ya kai hancin Baba. Ɗan dunƙulen kwal ne baƙi mai ƙyalli. Baba ya ja numfashi, ya riƙe hannun mutumin kada ya janye, ya sake ja. Ya ce a ɗaga maganar komawa gida zuwa jibi.

Wurin yana bayan wani tafkin kifi, sai an bi ta cikin gonar itatuwa. Rumfar kwano ce, da layin dogo da ya zagaye fili, faɗinsa bai fi taƙi ba. Tsofaffin jiya duk suna nan, sun ajiye kyamarori sun sa tsummokaran aiki. Wanda suke aike a cikinsu, ƙaraminsu ke nan, yana da jikoki. Da hannunsu suka ƙera jiragen kwal da ke cikin rumfar, wani ya fi shekara goma yana fama da nasa. Ta bakin waya suka yi ta kai wa Baba ƙara kamar shi ne hukuma. Kwal ya zama sai an yi oda ana jira kamar magani. Maƙwabta suna ƙorafin hayaƙi a kan shanyarsu. Mai filin yana ta zuwa da wasu masu auna ƙasa. Jikokinsu sun fi son na wurin shaƙatawa, don ba ya ɓata riga. Direban ya ce nan gaba duk haka za su koma, mutane suna son hoton hayaƙi amma ba sa son tari. Baba ya gyaɗa kai ya ce mu namu a gida yanka su aka yi aka sayar wa 'yan gwangwan.

Aka turo jirgin direban daga rumfa, an riga an hura masa wuta. Girmansa bai wuce ragon layya mai ƙiba ba. Baba ya miƙa hannu ya fara shafawa daga gaba, kafin ya ankara ya kai ƙarshe.

"Ina sauran?"

Maigidana ya buɗe baki, na harare shi ya rufe. Na ce, "Baba, iyakarsa ke nan."

Ya ɓata fuska, ya sake kai hannu, sai ya taɓa cikin tukunyar. Ya fizge yatsa ya kai baki. Sannan ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun Inna tana raye. "Da ransa!" yake cewa. "Ɗan banza, da ransa!"

Sheburinmu da ya sha jirgin sama kuwa ya fi bakin tukunyar faɗi sau nawa. Aka miƙo wa Baba nasu, kamar cokalin shayi mai dogon hannu. Ya juya shi ya yi tsaki, amma ya karɓa. Ya tattare babbar riga ya hau ɗan taragon da ke bayan jirgin kamar mai hawan jaki, gwiwoyinsa har kunne, direban ya zauna a bayansa ya riƙe masa ƙugu. Ya fara ba wuta kwal, cokali-cokali, yana saurare yana gyaɗa kai. Sannan ya ce in kawo nama.

Yanka ɗaya cokalin yake ɗauka. Da ya zura muka ji ƙarar mai, ƙanshi ya tashi. Ya miƙa na farko ta kan kafaɗa. Direban ya jefa a baki, yajin Kano ya kama shi, ya yi ta tari hawaye na zuba, yana ɗaga babban yatsa yana shiyeshiye, wato godiya. Babban sheburin ya zama faranti, ana tara gasasshe a kai ana zagayawa da shi. Maigidana ya karɓi nasa ya zagaya bayan rumfa, don ba ya cin abinci a gaban suruki.

Sai aka saki jirgi. Ya yi 'yar ƙara siririya, ya fara tafiya, tururi na fita ta gefe, rigar Baba tana kaɗawa, tsofaffi suna binsu da gudun da gwiwa ta yarda. Zagayen farko lafiya lau, Baba har da ɗaga mini hannu ta inda ba na tsaye. A na biyu ne na ji direban ya daka tsawa. Ya miƙo hannu ta kan kafaɗar Baba ya murɗa wani abu da sauri, ya yi ta buga wani ɗan famfo, jirgin ya tsaya.

Baba ya tambayi abin da ya faru. Waya ta ce ruwa ne ya yi ƙasa. Ba komai, in ji direban, an tare shi da wuri.

Baba ya sunkuya ya kai fuskarsa wurin 'yar kwalbar, kusa ƙwarai har na ji tsoron girarsa. Ya rufe mataccen idon da hannu, ya ƙura ɗayan. Ya daɗe a haka.

"Uwata, zo ki nuna mini. Ina ruwan yake?"

Na tsuguna na ɗora yatsa. "Ga shi nan, Baba. Ya wuce rabi yanzu."

"Ban gan shi ba," ya ce. "Ko kwalbar ma ban gani ba."

Ya sauka da kansa, ya miƙa wa direban cokalinsa hannu biyu. Ba wanda ya yi dariya. A mota, har muka wuce Huadu ina fargabar kada ya sake cewa a nema masa jirgin komawa gida. Muna dab da Sanyuanli, unguwarmu, ya yi gyaran murya, ya juya wajen surukinsa, karo na farko tun jiya.

"Kai. Likitan nan naka, shi akwai shi, ko irin jirginka ne?"

Ba don bel ɗin kujera ba da maigidana ya durƙusa a cikin motar. "Akwai, Baba. Wallahi wannan akwai."

Aikin bai ɗauki lokacin da muka ɗauka muna roƙonsa a waya ɗaya ba. Da aka cire bandejin ya ƙyafta, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Uwata, ashe kin fara furfura ba wanda ya gaya mini." Ya juya ga surukinsa ya ce shi kuma ashe ƙiba ya zo yi ƙasar mutane. Na yi dariya na yi kuka a haɗe, har ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini ruwa.

Likita ya hana shi hayaƙi da ƙura na ɗan lokaci, na tsare shi a gida kamar ɗan fursuna, muna faɗa kullum. Sai ana saura kwana kaɗan ya tafi aka yarje masa, da sharaɗin tabarau. Muka koma bayan tafkin kifi. A bakin hanya mun ga an kafa wasu turaku masu jan fenti da ba mu gani ba a zuwan farko.

Aka turo jirgin. Baba ya tsaya ya dube shi, ya cire tabarau, ya mayar.

"Wannan na hau?"

"Shi ne, Baba."

"A gaban mutane? Da girmana?"

"Har bidiyo an ɗauka," na ce. "Yana majalisarku tuni."

Ya yi salati. Sannan ya karɓi buhun daga hannun surukinsa, ya fito da sheburin, ya miƙa wa direban. Ya ce a gaya masa ya rataye a rumfa, don in ya koma da shi, ranar da ya mutu yayyena 'yan gwangwan za su kira. A nan ko ba komai an san mene ne. Direban ya karɓa, ya nuna turakun nan masu jan fenti, ya ce shi bai sani ba ko baɗi rumfar tana nan. Baba ya ce a gaya masa shi ma bai sani ba ko baɗi yana nan.

Ya tattare riga ya hau, gwiwoyi har kunne. Direban ya zauna a baya. Jirgi ya ɗauki hanya, suka zagayo ta gabana, na ga tsohon ya miƙo hannu ta kan kafaɗar Baba zai nuna masa kwalbar. Baba ya ture hannun, bai ko waiwaya ba.

"Bar shi," ya ce. "Ina gani."